Ku Tambayi Masana: Abincin Indiya ba tukunya ɗaya ba ce

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowa a kan girke-girken Indiya suka zo. Mun miƙa su ga malaman koyar da girki da masu nazarin tarihin abinci, ga kuma amsoshinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Duk sanda zan yi miya irin ta Indiya ina zuba garin kori sosai, amma ɗanɗanon ba ya fitowa. Wane irin kori Indiyawa ke amfani da shi? Daga wata uwargida.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yawancin gidajen Indiya ba su ajiye garin kori ko kaɗan. Turawan Birtaniya ne suka haɗa shi, ana sayar da shi a Landan tun ƙarshen ƙarni na 18, don waɗanda suka dawo daga Indiya suna kwaɗayin abincin can. Ita kanta kalmar, masana harshe da dama suna danganta ta da "kari" ta harshen Tamil. A Indiya kowace miya da sunanta da kayan ƙamshinta: korma daban, rogan josh daban, sambar daban.

Abin da ke ba miyar Arewacin Indiya ɗanɗanonta shi ne suyar da suke kira bhuna. Ga yadda ake yi da kaza kilo 1. Ki zuba mai babban cokali 4, ki jefa girfa guda, kanumfari 4 da ƙwayar hel (cardamom) 4, su yi kamar daƙiƙa 30. Ki zuba albasa matsakaiciya 3 yankakku ƙanana, ki soya a matsakaiciyar wuta minti 12 zuwa 15 har ta yi ja sosai. A nan mutane da yawa ke gaggawa, kuma albasar da ba ta soyu ba zaƙi-zaƙi take sa miya. Sai dakakkiyar citta ɗanya da tafarnuwa babban cokali 2, minti ɗaya. Ki rage wuta, ki zuba garin kusbara (coriander) babban cokali 1, garin kammun (cumin) ƙaramin cokali 1, kurkur rabin ƙaramin cokali, barkono daidai bakinki, tare da ɗan ruwa don kada garin ya ƙone. Ki biyo da tumatir 3 markaɗaɗɗu, ki yi ta juyawa har mai ya rabu ya fito gefe-gefe. Wannan fitowar man ita ce shaidar ruwan ya ƙone, kayan sun soyu. Sai a zuba kaza a soya minti 8 kafin a sa ruwa kofi ɗaya.

Garam masala kuwa a ƙarshe ake barbaɗa shi, rabin ƙaramin cokali, bayan an sauke wuta. Hel ne da girfa da kanumfari da baƙin masoro da kammun da ɗan gyaɗar ƙamshi, ƙamshinsu kuma mai saurin tashi ne. In aka sa shi tun farko ƙamshin ya gudu, ɗaci ya rage.

TAMBAYA: Malamai, gidajen abincin Indiya da na sani duk jerin abincinsu iri ɗaya ne: naan, kaza mai bota, tikka. Shin haka ƙasar duka ke ci? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ko kusa, Malam. Wannan jerin na yanki ɗaya ne, wato Punjab da Delhi. Bayan raba ƙasar a 1947, mutanen Punjab da suka yi hijira daga ɓangaren da ya zama Pakistan sun buɗe gidajen abinci a Delhi da tandar ƙasa da ake kira tandur, daga nan salon ya bazu har ƙasashen waje. A gida ma ba naan, wato gurasar tanda, mutanen Punjab ke ci kullum ba, roti ne, gurasar garin alkama marar yis.

Indiya jihohi 28 ne da yankunan tarayya 8, kundin tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abincinta ita ce a duba abu uku a kowane yanki: hatsin da ake nomawa, man da ake girki da shi, da abin da ke ba miya tsami.

Punjab, Haryana da yammacin Uttar Pradesh ƙasar alkama ce da madara. Man shanu narkakke, wato ghee, da yogot da tumatir su ne ginshiƙi. Da sanyi ana cin ganyen mustad da aka dafa ya yi lugub da waina-waina ta garin masara. Rajastan hamada ce, ruwa da ɗanyen ganye sun yi ƙaranci, saboda haka roti na gero suke yi, suna miya da garin waken chana (chickpea) da nono, suna busar da 'ya'yan itatuwan daji irin su ker da sangri. A Gujarat ana ɗan jefa mazarƙwaila a miyar wake, shi ya sa baƙo ke jin zaƙi inda bai zata ba. Karkarar Maharashtra dawa ce, ana yin bhakri da garinta, a kudancin Karnataka kuma tamba ce, ana tuƙa ta a mulmula, sunanta ragi mudde.

Bengal da Odisha shinkafa ce da kifi da man mustad mai kaifi. Suna da haɗin iri biyar da ba a niƙawa, panch phoron: hulba, habbatus sauda, kammun, shammar (fennel) da mustad. Cin abinci a Bengal ma da tsarinsa: a fara da mai ɗaci-ɗaci irin shukto, a bi da wake da ganye, sai kifi, sai nama, sai mai tsami, a rufe da kayan zaƙi. A Tamil Nadu tsamiya ce ke ba sambar da rasam tsami, man riɗi kuma shi ne na gargajiya. Kerala kwakwa ce ta ko'ina, mai da madara da gurzajjiya, kifi kuma da busasshen ɗan itacen kudampuli ake tsamama shi. Andhra Pradesh ta yi suna da barkonon Guntur da ganyen yakuwa da suke kira gongura.

Arewa maso gabas ne yankin da aka fi mantawa da shi, kuma abin takaici ne. A Nagaland mai kaɗan ake sawa, garin ƙamshi kusan babu; ɗanɗano yana zuwa ne daga hayaƙi, da tohon gora mai tsami, da waken soya da aka bari ya ruɓa ya yi ƙamshi, wanda suke kira akhuni. Wanda aka ba shi wannan a rufe ba zai ce abincin Indiya ne ba, alhali kuwa shi ne.

TAMBAYA: Na gwada biryani sau uku. Sau biyu shinkafar ta caɓe, sau ɗaya ƙasan ya ƙone naman bai nuna ba. Ina kuskuren yake? Daga wata amarya.

AMSA: Amarya, da alama kin haɗa hanyoyi biyu ne na yin wannan dafa-duka ta shinkafa da nama. Akwai pakki, wadda aka san Laknau da ita: a dafa nama tukuna, sannan a jera shi da shinkafa a turara. Akwai kacchi ta Haidarabad: ɗanyen nama da aka tsuma ake shimfiɗawa a ƙasa, ya nuna tare da shinkafar. Ki fara da pakki, ta fi yafiya. Amma tunda kacchi ce ta ba ki wahala, ga ma'auninta.

Naman akuya kilo 1 mai ƙashi, shinkafar basmati tsohuwa giram 750. A tsuma naman da yogot mai kauri giram 250, citta da tafarnuwa babban cokali 2, markaɗaɗɗiyar ɗanyar gwanda da ɓawonta babban cokali 2, barkono, kurkur kaɗan, garam masala ƙaramin cokali 2, na'a-na'a tafi ɗaya, ruwan lemon tsami ɗaya, gishiri, da soyayyiyar albasa guda 4, a ajiye sulusinta don sama. Ya kwana a firji, ko aƙalla awa 4. Gwandar nan ba ado ba ce, tana da sinadarin da ke tausasa nama, in babu ita naman akuya ba zai nuna cikin lokacin da shinkafa ke buƙata ba. In kaza ce ba a sa gwanda, don za ta farfashe.

Ki wanke shinkafa har ruwan ya yi haske, ki jiƙa minti 30. Ki tafasa ruwa mai yawa, kamar lita 4, da gishirin da zai fito sosai a baki, domin wannan ce kaɗai damar da shinkafar ke da ita ta shan gishiri. Bayan ta yi kamar minti 3 tana tafasa, ki kwashe rabi ki shimfiɗa a kan naman. Wannan rabin ya fi kusa da wuta da romo, shi ya sa ake kwashe shi da sauran ƙarfi. Sauran ya ƙara minti 2 zuwa 3, har in kin matsa ƙwaya ta karye amma da ɗan tauri a tsakiya, sai ki tsane ki zuba a sama. Ki yayyafa madara mai ɗumi rabin kofi da aka jiƙa za'afaran a ciki, ghee babban cokali 3, da sauran albasar.

Sai dum, wato rufewa. A liƙe bakin tukunya da kwaɓaɓɓiyar fulawa don kada tururi ya fita. Wuta mai ƙarfi minti 10, sannan a ɗora tukunyar kan faffaɗan kaskon ƙarfe a rage wuta ƙwarai minti 40 zuwa 45. In da garwashi ake yi, a rage na ƙasa a ɗora wasu a kan murfi. A bar ta minti 15 kafin a buɗe, a ɗebo daga ƙasa da faffaɗan cokali, ba a gauraya ta.

Caɓewa tana zuwa daga ɗayan uku: shinkafa ta wuce a tafasar farko, ko sabuwar shinkafa ce mai saurin narkewa, ko yogot ɗin ya yi ruwa. Ƙonewa kuwa tukunya ce marar kauri, ko an manta da kaskon ƙasa.

A Kolkata za ki tarar da dankalin turawa a cikin biryani, kuma ana danganta salon da masu girkin da suka bi Wajid Ali Shah, sarkin Awadh na ƙarshe, lokacin da Birtaniya ta sauke shi a 1856 ya koma can. A Thalassery ta Kerala ma ba basmati suke sawa ba, gajeriyar shinkafa ce mai ƙamshi da ake kira kaima.

TAMBAYA: Man da ake soyawa a zuba kan miyar wake ta dal yana yi mini ɗaci. Me ya sa? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, sunansa tadka, wasu su ce chhaunk ko baghar, kuma duka aikin bai kai minti ɗaya ba. Ƙamshin waɗannan iri a mai yake narkewa, shi ya sa ake soya su. Ga dal kofi 1 da aka dafa da ruwa kofi 3 da kurkur, ghee babban cokali 2 ya isa. In man ya yi zafi amma bai fara hayaƙi ba, 'ya'yan mustad ake fara jefawa a jira su fara fashewa, domin wanda bai fashe ba ɗaci gare shi. Sai kammun, daƙiƙa 10, sai tafarnuwa ta ɗan yi ruwan zinariya, sai busasshen barkono da ɗan tsunkulin hing, wato busasshen ƙaron wani tsiro mai ƙarfin wari. Garin barkono bayan an ɗauke daga wuta ake sa shi. Hulba kada ta wuce ƙwaya 8 zuwa 10, kuma da ta yi duhu ta lalace. A juye kan dal nan take a rufe. Wanda ya ƙone ba ya gyaruwa, a zubar a sake.

TAMBAYA: An ce barkono ba ɗan asalin Indiya ba ne. Gaskiya ne? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Gaskiya ne, Malam. Barkono, tumatir da dankalin turawa duk daga nahiyar Amurka suke, kuma bayan zuwan Turawa suka shiga Indiya. Vasco da Gama ya sauka Kalikut a 1498, Fotugal ta kama Gowa a 1510 ta riƙe ta har 1961, kuma ta hannun 'yan Fotugal barkono ya shigo. Kafin nan baƙin masoro na gaɓar Malabar da dogon masoro da citta ke ba abinci zafi. Miyar vindaloo ta Gowa ma sunanta daga wani girkin Fotugal ne na nama da giya da tafarnuwa, mutanen Gowa suka sa khal da barkono. Samosa daga Farisa da Asiya ta Tsakiya ta zo; Ibn Battuta ya ambace ta da sunan sambusak a fadar Muhammad bin Tughluq a Delhi a ƙarni na 14. Daular Mugal da Babur ya kafa a 1526 ta ƙara yaɗa girki da 'ya'yan itatuwa busassu da za'afaran da turara shinkafa da nama.

TAMBAYA: Ƙullun dosa da idli na yi, ya ƙi tashi, idlin ya fito da tauri. Ko yis zan ƙara? Daga wata mai sana'ar girki.

AMSA: Hajiya, ko idli ne, mai kama da waina da ake turarawa, ko dosa, siririyar da ake bazawa a kasko, a girkin gargajiya ba a sa yis. Ƙwayoyin halitta da ke jikin waken urad su ke tsamama ƙullun su tayar da shi, aikinki shi ne ki ba su yanayin da suke so. Don idli, shinkafa mai rabin dahuwa kofi 4, farin urad kofi 1, hulba ƙaramin cokali 1. Don dosa, shinkafa kofi 3 ga urad kofi 1. A jiƙa su daban-daban awa 4 zuwa 6, hulba tare da waken. A markaɗa urad da ruwan sanyi kaɗan-kaɗan har ya yi laushi da kumfa; ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa, in ya taso sama ya yi. Shinkafa a bar ta da ɗan tsaki-tsaki in idli ne, a niƙe ta sosai in dosa ne. A haɗa da gishiri a gauraya da hannu, a zuba a mazubin da ƙullun bai wuce rabinsa ba, a rufe ba dam ba, awa 8 zuwa 12 a wuri mai ɗumi, kusan digiri 26 zuwa 32.

Abin da ya fi hana tashi shi ne injin markaɗe ya ɗau zafi, ko waken ya tsufa, ko ƙullun ya yi kauri da yawa, ko ɗakin da sanyi. In kuma ya wuce lokaci zai yi tsami ya faɗi. Bayan ya tashi a juya shi a hankali, bugawa na fitar da iskar. Idli minti 10 zuwa 12 ake turara shi, in ya wuce ya bushe. Dosa kuwa zafin kasko ne sirrinsa: a yayyafa ruwa a goge kafin kowane zubi, domin in kaskon ya yi zafi da yawa ƙullun zai kama tun kafin a baza shi, ya dunƙule.

TAMBAYA: Zan raka mahaifina asibiti a Indiya, za mu yi wata biyu. Yaya zan gane abin da ya halatta mu ci? Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Allah Ya ba Baba lafiya. Abu na farko, duk abincin da aka ƙunshe a leda ko gwangwani yana da alama: koren ɗigo cikin murabba'i na nufin babu nama, babu kifi, babu ƙwai, alama mai ruwan ƙasa, da'ira ko kusurwa uku, na nufin akwai. Gidan abincin da aka rubuta wa "pure veg" ba a shiga da nama madafarsa. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 39 cikin 100 na manyan Indiya sun ce ba su cin nama, wato masu ci sun fi yawa, amma abinci marar nama yana samuwa ko'ina. Mabiya addinin Jain sun ƙara da barin duk abin da ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa, har albasa da tafarnuwa da dankali. In likita ya hana Baba kayan ƙamshi masu ƙarfi, neman abincin Jain marar barkono na iya taimakawa.

Wajen nama ka tambaya kai tsaye: halal ne ko jhatka? Jhatka sara ɗaya ne a wuya, mabiya Sikh da wasu Hindu ke ci. Abin da ake rubuta wa "mutton" galibi naman akuya ne. Jihohi da yawa sun hana yanka shanu, saboda haka babban naman da ake samu a wurare da dama na ɓauna ne. A Gowa da arewa maso gabas ka kula, naman alade na cikin girkin yau da kullum, vindaloo na asali ma da shi ake yi. Unguwannin Musulmi kamar kewayen Jama Masjid a tsohuwar Delhi, Charminar a Haidarabad da titin Muhammad Ali a Mumbai cike suke da nihari da kebab da biryani na halal.

TAMBAYA: Da wannan yawa haka, me Indiya ke yi don kada girke-girken gargajiya su ɓace? Daga wata mai nazari.

AMSA: Malama, hanya ta farko ta doka ce. A 1999 aka yi dokar alamar asalin wuri, ta fara aiki a 2003, ofishin rajistar yana Chennai. Shayin Darjeeling ne ya fara samu a 2004, halim na Haidarabad, wato faten alkama da nama, a 2010, za'afaran na Kashmir a 2020. Alawar madara ta rasgulla har jayayya ta jawo: Bengal ta Yamma ta yi wa tata rajista a 2017, Odisha ta yi wa tata a 2019. Wannan alama suna take karewa, kada wani ya sayar da kayan wani wuri da sunan. Ba ta koya wa kowa girkin. UNESCO ta sa Haidarabad cikin biranen da suka yi fice a girki a 2019, kuma Indiya ce ta kai shawarar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 shekarar gero da danginsa, bayan bunƙasa noman shinkafa da alkama tun shekarun 1960 ya ture su daga kwanukan birni.

A ganinmu bukukuwa sun fi doka riƙe wannan gado. Wazwan, abincin biki na Kashmir, wanda cikakkensa ke kai kala 36, mutum huɗu ke ci a faranti ɗaya na tagulla da ake kira trami, kuma masu girkinsa, waza, gadon sana'ar suke yi. Sadya ta bikin Onam a Kerala kala ashirin da wani abu ce a kan ganyen ayaba, kowanne da gurbinsa. Langar, abincin sadaka na Sikh, wanda ya faro tun zamanin Guru Nanak da ya kafa addinin, yana ciyar da dubun dubatar mutane kullum a Amritsar, kowa a zaune a ƙasa layi ɗaya.

Rubutu ma ya daɗe: Manasollasa na ƙarni na 12, Ni'matnama na sarakunan Malwa wajen 1500, da Ain-i-Akbari na Abul Fazl duk sun ƙunshi girke-girke, K. T. Achaya kuma ya tattara tarihin abincin ƙasar a littafinsa na 1994. Sai dai na fada da na masu hali aka fi rubutawa. Girkin Dalit, wato waɗanda tsarin ajin al'umma ya bari a can ƙasa, da na ƙabilun daji, da na masunta kwanan nan aka fara mai da hankali a kansu, kuma su suka fi fuskantar ɓata, don a hannun tsofaffi suke, ma'auninsu tafi ne da tsunkuli. Masu tattara su na zama da mai girkin a madafarta, su auna kowane tafi da sikeli kafin ya shiga tukunya, su rubuta sunan ganyen da harshen wurin, da watan da ake samunsa, da irin tukunyar da wutar, sannan su sake girkawa a gabanta ta ɗanɗana ta gyara.